Titanka da Abarba

Jikata Fidela ta hawo tudu da abarba a jaka,
ta dire min ita a kan bargo tana haki,
ta ce, "Kaka, ga ƙanwar waccan da kake tsinewa."

Na dubi abarba, na dubi titanka can a gangare,
wadda ƙayarta ta riƙe min tumaki bakwai har suka mutu.
Na ce, "Iskar Ayacucho ta juya miki kai.
Me ya haɗa kifi da kaska?"

Ta ce malaman tsirrai sun bi salsala sun rubuta:
gida guda ne, ɗaki ne kowa da nasa.
"Dubi ganyen, yadda suke fita a zagaye daga cibiya,
gefensu zarto, bakinsu tsini."
Na duba.
Furfura ba ta hana mutum jin kunya.

Abarba 'yar kwari ce, can ƙasa inda kogi ke ɗumi,
inda gumi ke bin wuya tun da hantsi.
Shekara biyu ta isa, ta nuna, a yanke,
a cire tukkunta a binne, ta sake tasowa.
Ta shiga jirgi, ta ga kasuwannin da ban san sunansu ba.
Babu mai ƙirga ta don tsoron ƙarewa,
sai dai a ƙirga don kuɗi.

Titanka kuwa nan ta zauna tare da mu,
inda numfashi ke gajarta, raɓa ke kwana ta zama ƙanƙara,
inda dutse ya fi ƙasa yawa.
Ba ta gaggawa.
Wadda ke bayan garkena, tun ina goye take nan,
dunƙule kamar bushiya, ba ta ce wa kowa komai.

Bana ta miƙe.
Cikin 'yan watanni ta fi rufin cocin ƙauyenmu,
fure dubu bisa dubu, fari mai ratsin kore,
ƙananan tsuntsaye na shawagi suna shan zaƙi.
Fidela ta ce sau ɗaya take yi a rayuwa,
ta zubar da iri, sannan ta bushe a tsaye.
Shekara tamanin tana tanadin magana guda.

Ban gaya mata nan take ba,
sai da wuƙa ta shiga abarba:
ni da Nicanor, shekarar da tunkiyar goyo ta maƙale,
mun bi gangaren nan da wuta a hannu.
Goma sha ɗaya muka ƙone kafin rana ta faɗi.
Ba ko ɗaya da ta kai ga fure.
Mun koma gida muna dariya, muna warin hayaƙi.

Ta yi shiru, ta buɗe littafinta.
Ta ce sunan titanka na cikin jerin masu shirin ɓacewa,
iri miliyoyi take zubarwa, kaɗan ke tsira,
ga wuta, ga kofato, ga yanayin da ke sauyawa.
Ba ta zage ni ba. Da ta zaga, da ya fi sauƙi.

Ta miƙo min yanka. Na tauna.
Zaƙi ya zo, bayansa wani ɗan kaifi ya kama harshe.
Na ce, "To, na yarda.
Wannan ma tana cizo, jininsu ɗaya."

Da safe ta nuna min 'ya'ya uku a tsagin dutse,
kowace ba ta fi tafin hannu ba.
Na kwashi duwatsu na kewaye su,
na kora garke ta ɗaya hanyar, mai nisa.
Gwiwa na ƙara, tumaki na gunaguni.

Ba zan ga furensu ba.
Wataƙila Fidela ma sai da sanda.